Babi na Huɗu: Bashin da Muke Ɗora wa Gobe

Ranar 29 ga watan azumi, bayan an sha ruwa, na doshi shagon telana a Aujara raina a ɓace. Tun cikin Sha'aban na kai masa shadda yadi goma, ta babbar riga da 'yar ciki da wando, wadda na daɗe ina tara kuɗinta. Sau uku ina zuwa masa a cikin azumi, kowane zuwa amsar ɗaya ce: "Malam, kwantar da hankalinka, jibi war haka ka aiko yaro." Ga shi an fara duban wata, ana cewa wataƙila gobe a tashi da salla.

Shagon ba masaka tsinke. Janareto na ruri a bakin ƙofa, kekuna uku na gudu, yaran shago wasu na kalmasa wasu na sa maɓalli, 'yan aike sun jeru a benci suna gyangyaɗi. Shi kuwa maigidan idanunsa sun yi ja wur, da gani ya yi kwanaki rabonsa da barcin kirki. Na ɗaga kai sai na hango ledata a saman kanta, can ƙurya, ko ƙullin da na yi mata ba a kwance ba.

Na ce, "Haba abokina, mene ne laifina? Kuɗi ne ban biya ba?"

Ya tsayar da keke, ya share gumi, ya yi ƙasa da murya don kada yara su ji. "Wallahi Malam, kullum na buɗe shago sai na dube ta. In na miƙa hannu sai gabana ya faɗi. Yadin yara in na kuskure, na sayo wani na biya. Wannan kuwa in almakashi ya zame, ɗinkin wata biyu ba zai biya ta ba. Sai in ce bari in rage ƙananan tukuna, in hankalina ya kwanta in yanka ta."

Ƙananan kuwa ba sa ƙarewa.

A daren na koma gida ina zaginsa a zuci, ina kiransa malalaci. Sai da na huce na ga zancen bai hau ba. Ta yaya za a ce da mutumin da ya ɗinka kaya sun fi kala ɗari a wata guda malalaci? Aiki ɗaya tak ya kasa taɓawa, kuma shi ne wanda ya fi kawo masa kuɗi da suna. Abin da ya faɗa mini a raɗa, masana halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru suna bincike kafin su iso gare shi.

Jinkiri iri-iri ne

Bari mu fara bambance aya da tsakuwa. Manomin da ya ga ruwan farko ya sauka ya ƙi fita shuka, yana jiran damina ta zauna, ya san abin da yake yi, don ya sha ganin iri ya tsiro rana ta ƙone shi. Wannan dabara ce. Magidancin da katangarsa ta tsage bai gyara ba saboda abin da ke aljihunsa na cefane ne, wannan rashi ne. Kuma da yawa daga abin da ma'aikatan birni ke kira sakacin mutanen karkara, babu ce kawai ta yi musu katutu. Na ukun shi ne batun wannan babi: ka yi niyya, kana da hali, ka san ɗagewar za ta cuce ka, amma ka ɗage. Shi muke kira jan ƙafa, ko gobe-gobe.

Haka Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya iyakance shi a 2007, bayan ya tattara ɗaruruwan binciken da aka yi kafin nasa: ɗage aikin da mutum ya yi niyya, da ganin damarsa, alhali yana sane cewa asara zai yi. Joseph Ferrari, malamin jami'a a Shikago ta Amurka, ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai biyar abin ya zame masa jiki, a gida da wurin aiki da mu'amala. Sauran huɗun ma ba su tsira ba, kowa da inda yake jan ƙafarsa.

Bambancinsa da lalaci a fili yake. Malalaci bai damu ba, barcinsa yake yi har da minshari. Mai jan ƙafa aikin na maƙale a ransa dare da rana, kuma sau da yawa ya fi kowa hidima. Ku dubi ɗalibin da ke da jarrabawa jibi a Dutse: ranar ce zai tuna wanki, ya share ɗaki, ya goge takalma, ya jera littattafan bisa tsayi. Komai zai yi in ban da buɗe littafin.

Abin da ake gudu

A 2013 wasu masana biyu a Kanada, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, suka fito da bayanin da da yawa daga masu nazarin wannan fanni suka karkata gare shi a yau. A ganinsu, jan ƙafa hanya ce da zuciya ke bi don ta samu sauƙi nan take. Ka tuna aikin, sai wani abu ya tokare maka ƙirji. Ka ce "gobe", sai ka ji sanyi. Wannan sanyin shi ne ladan da zuciya ta karɓa, kuma akuyar da ta gano kafar shiga lambu ba sai an nuna mata hanya karo na biyu ba. Kowace ɗagewa na ƙara koya wa zuciya cewa maganin ƙunci shi ne kau da kai.

Abin da ke tokare ƙirjin ya bambanta. Na telana tsoro ne. Na wani gundura ce, kamar malamin makarantar da takardun jarrabawar yara ɗari biyu ke jiransa ya duba. Na wani haushi ne, don an ɗora masa aikin ba da son ransa ba, sai jan ƙafar ya zama 'yar tawayen da ya iya. Na wani ruɗewa ce, aikin ya yi masa girma har bai san ta inda zai kama ba. Akwai kuma mai kare mutuncinsa a idon kansa: ɗalibin da ya ƙi karatu sai daren jarrabawa, in ya faɗi yana da abin faɗa, "ai ban samu lokaci ba ne", wanda ya fi sauƙin haɗiya a kan "na yi iyakar yina na kasa".

A ƙasar Hausa kuwa, ina jin babu abin da ya kai kunya haifar da jan ƙafa. Ni shaida ne. Akwai wani dattijo, aminin mahaifina, a wani ƙauye kusa da mu, da babban ɗansa ya rasu ina wurin aiki a Dutse. Jana'iza ta wuce ni, na ce zan je ranar uku. Ranar uku wani uzuri ya taso, na ce bakwai. Da bakwai ta wuce sai lissafin ya canza. Yanzu in na je, da wane ido zan dube shi? Na ce bari in jira arba'in, in shige cikin jama'a. Arba'in ta zo ta wuce. Wata rana a kasuwa na hango shi yana tafe da sandarsa, ban san lokacin da na faɗa layin 'yan hatsi na shiga tayin geron da ba saye zan yi ba. Tafiyar ba ta kai awa guda a babur ba, gaisuwar ba za ta wuce minti goma ba. Kallon farko kawai nake gudu, da tambayar da nake zaton zan karanta a fuskarsa: sai yau?

Haka bashi yake, haka zumunci yake. Wanda ya ci bashi ya saɓa alkawari sau ɗaya, ko ya samu rabin kuɗin ba zai kai ba, don kaiwar na nufin haɗa ido da mai kuɗi. Jinkiri ya haifi kunya, kunya ta haifi wani jinkirin, har ƙaramin abu ya raba aminai.

Zamani ya ƙara wa lamarin gishiri. A da, mai gudun aiki sai ya taka zuwa majalisa ko teburin mai shayi, kuma a hanya wani zai iya tambayarsa, "Yau ba gona?" Yanzu mafakar na cikin aljihu. Ƙirji na tokarewa, hannu ya kai ga waya, WhatsApp ko TikTok su haɗiye awa biyu babu wanda ya gani.

Sauƙin da ake samu gaskiya ne, sai dai rance ne mai ruwa. A 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin ɗaliban wata jami'a a jihar Ohayo ta Amurka tsawon zango guda. A farkon zango, masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali, sun fi su ƙarancin ciwo. Da ƙarshen zango ya ƙarato sai reshe ya juye da mujiya: suka fi kowa damuwa, suka fi kowa rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Da aka haɗa lissafi, wahalar da suka sha ta ɗara ta waɗanda suka fara da wuri.

Kuɗin kaka da takin damina

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jahun ya san yadda kaka take. An yanke gero, an kakkaɓe riɗi, an tsinke zoɓo, motoci na ɗiban buhuna zuwa Gujungu da Shuwarin da Kano. Kuɗi ya shigo hannu. Ka tambayi manomi ko zai sa taki baɗi, zai ce maka ko shakka babu, har ya faɗa maka buhu nawa na kamfa da na yuriya. Ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa haka yake nufi. Amma damina saura wata shida ko bakwai, gaggawar me ake yi? Sai bukukuwa su kunno kai, ga suna, ga gudummawa, ga ɗan'uwa ya zo da lalura, ga babur na son gyara. Kowanne ƙarami ne, kowanne na yau ne. Ranar da gero ya kai gwiwa yana neman taki, aljihu ya bushe, takin kuma ya yi tsada.

Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson, sun tarar da irin wannan a gundumar Busia ta yammacin Kenya, inda manoman masara ke cewa suna son taki amma kuɗin ke ƙarewa kafin lokacinsa. Sai suka gwada wata 'yar dabara. Ana gama girbi, kuɗi na hannu, sai a bi manomi har gida a ce ya biya kuɗin takinsa yanzu a farashin kasuwa, za a kawo masa kyauta a lokacin da yake so. Ba a rage masa ko sisi a kuɗin takin ba, wahalar zuwa kasuwa kawai aka ɗauke masa. A sakamakon da suka wallafa a 2011, masu sa taki sun ƙaru da kashi 47 zuwa 70 cikin ɗari, kuma tasirin wannan tayi bai gaza na rage rabin farashi a tsakiyar damina ba. Duflo da Kremer na cikin mutum ukun da aka ba lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin waɗannan gwaje-gwaje.

Abin da ke ƙarƙashin wannan shi ne yadda zuciya ke auna lokaci. Abin da ke kusa tana ganinsa ƙato, na nesa tana ganinsa ɗan mitsitsi, kamar raƙumi a ƙarshen fako. Ka ce da mutum ya zaɓi dubu goma yau ko dubu goma sha ɗaya mako mai zuwa, da yawa za su ce a ba su ta yau. Ka ce dubu goma bayan shekara, ko dubu goma sha ɗaya bayan shekara da mako guda, sai su ce za su jira. Makon ɗaya ne, ribar ɗaya ce, kusanci ne kawai ya juya hukuncin. Shi ya sa daren Lahadi mutum ke tsara makonsa kamar waliyyi, safiyar Litinin ya tashi wani daban.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2009 Hal Hershfield da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane yayin da suke tunanin kansu a yau, da kansu bayan shekara goma, da kuma wani mutum daban. Sai aka ga idan mutum na tunanin kansa na nan gaba, aikin wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ya fi kama da lokacin da yake tunanin bare. Waɗanda wannan tazara ta fi faɗi a wurinsu, su ne suka fi kasa haƙurin jiran kuɗi mai yawa. Wato mai cewa "gobe na yi" tamkar wani ya samu ya jibga wa kayan. A zatonsa mutumin goben nan ba ya gajiya, ba ya jin tsoro, ba shi da baƙi, ba a ɗauke masa wuta. Gari na wayewa sai ya tarar shi ne dai, ga kayan jiya ga na yau.

Wata goma sha ɗaya

Wanda ya sha azumi da uzuri yana da wata goma sha ɗaya cur ya rama. Kwana biyar ko bakwai a cikin kwana sama da ɗari uku, ai kamar ɗiban ruwa ne a kogi. Amma kowa ya san lokacin da ake ramuwa a gidajenmu: sai Rajab ya wuce, Sha'aban ya raba, a shiga lissafi da yatsu. Malaman mazhabar Malikiyya sun san halin, shi ya sa littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu suka yi bayanin wanda ya yi sakaci har wani azumin ya riske shi: zai rama, kuma ya ciyar da miskini mudunnabi ɗaya kan kowace rana. Faɗin lokacin ne kansa ke yaudara. Da kwana goma aka bayar, da mafi yawa sun rama a makon salla.

Ga kuma kuskuren awo. A 1994 Roger Buehler da abokansa a Kanada sun tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa zai ɗauke su su kammala kundin bincikensu. Matsakaicin abin da suka faɗa kwana 34 ne. Aka ce to, in komai ya dagule fa? Suka ce kwana 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri kwana 55 ne da ɗoriya, ya zarce ma mummunan zaton nasu. Dalili shi ne mutum in zai yi awo, aikin kawai yake hangowa yana tafiya sumul. Ba ya waiwayar yadda ta kaya masa a baya. Telana ya fi shekara goma yana kwana a shago duk jajibirin salla, amma duk farkon azumi da zuciya ɗaya yake cewa bana kam da wuri zai gama.

Wani lokaci kuma mahukunta ne ke koya wa jama'a jan ƙafa. A Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Aka yi ta ƙara wa'adin, sai a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira, kuma wa'adin ƙarshe bai zo ba sai Satumbar 2024. Gaskiya ne da yawa nisan wurin rajista da cunkoso ne suka hana su, amma darasin da kowa ya ɗauka guda ne: "Za a ƙara." Wa'adin da aka saba ɗagawa ya daina tsorata kowa, har ranar da aka wayi gari ba a ɗaga ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanya wa wannan hali suna, taswifi, daga kalmar Larabci mai nufin "da sannu zan yi". Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta mai ɗage tuba da mutumin da ke son tumɓuke bishiya, ya ga ta yi masa ƙarfi, ya ce sai baɗi, ya manta cewa kafin baɗi saiwarta ta ƙara nitsewa, shi kuma ƙarfinsa ya ragu. Manomi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ciyawar da fartanya za ta share da safe ɗaya a noman fari, in aka ba ta mako biyu sai an yi gayya.

Inda jinkiri ke cin rai

Shadda in ba a ɗinka ba, a sa tsohuwa a je idi. Akwai inda abin ya wuce nan. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine sun bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ana ganin matan da naƙuda ta daɗe musu a gida kafin a kawo su. Mafi yawan dalilan sun fi ƙarfin mutum ɗaya: kuɗin mota, lalacewar hanya da damina, maigida ba ya nan balle ya ba da izini. Amma a cikin jinkirin farko akwai kason da ke hannunmu, wato "a bari mu ga wayewar gari". Haka mai ƙari a jiki ke cewa ai ba ya ciwo, mai yawan ciwon kai ya ƙi zuwa a auna jininsa. A nan ma abin da likita zai faɗa ake tsoro, sai a zaɓi kwanciyar hankalin daren yau. Maganin irin wannan shi ne a yanke shawarar tun kafin ranar: wa zai kai ta, da motar wa, kuɗin na ina, kuma izinin an riga an bayar ko maigida na nan ko ba ya nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dabarun da muka gada

Kakanninmu ba su karanta Steel ko Pychyl ba, amma sun san zuciya ba abin yarda ba ce, sai suka yi mata dabaibayi. Asusun ƙasa ba shi da murfi, in kana son kuɗinka sai ka fasa shi. Adashi ya fi shi wayo: matar da ba za ta iya ajiye ɗari biyar a ƙarƙashin katifa ba, ba ta fashin zubi, don uwar adashi za ta aiko, kuma sauran mata za su ji. Manomin da ya san halinsa, da kaka yake sayen ɗan rago ya ɗaure, damina na faɗuwa ya sayar ya sayi taki. Kuɗin da ke tafiya da ƙafa huɗu ba ya zurarewa a gudummawar biki. Dabarar Busia ke nan, mu tun tuni muna yin ta.

Gayya kuwa ta haɗa magunguna da yawa a wuri ɗaya. An sa rana, an gaya wa mutane, an dama fura, makaɗa sun zo. Aikin da ya gagari mutum ɗaya saboda girma da gundura ya koma gasa da raha. Kunyar nan da ta hana ni zuwa ta'aziyya, ita ce ke fito da saurayi daga ɗaki ranar gayya, don ba zai so a ce kunyarsa ce ta rage a baya ba. Halin ɗaya ne, inda aka ɗaura shi ne ya bambanta.

Bincike ya ƙara mana abu uku a kan waɗannan. Na farko, niyya na bukatar rana da wuri. A 1965 Howard Leventhal ya ja hankalin ɗaliban Jami'ar Yale kan allurar rigakafin sandarewar jiki, kusan duk suka gamsu, amma kashi 3 cikin ɗari ne suka je. Waɗanda aka ba taswirar asibitin makarantar, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokaci, kashi 28 suka je. Peter Gollwitzer ya faɗaɗa wannan a 1999: a ɗaura aiki a jikin wani abu da tabbas zai faru. Mu kuwa an riga an kafa mana turaku biyar a kowace rana. "Zan kira shi" magana ce a iska. "Ina sallame la'asar zan kira shi kafin in sa takalmi" alkawari ne. Insha Allahu ma iri biyu ce a bakinmu, akwai mai rana da lokaci, akwai wadda ake yi don a sallami mai tambaya, kuma kowa ya san wadda yake yi.

Na biyu, a ƙanƙanta farawa har ta daina ban tsoro. Kada ka ce za ka rubuta kundi, ka ce za ka buɗe littafin ka rubuta layi biyu. Yawanci nauyin na bakin ƙofa ne. Wanda ya shiga gona da niyyar kunya ɗaya da wuya ya tsaya a ɗaya.

Na uku shi ne wanda ba a zata ba. A 2010 Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun gano a Jami'ar Carleton ta Otawa cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi a jarrabawar farko sun fi rage shi a ta biyu. In ƙunci ne tushen ciwon, zagin kai ƙarin ƙunci ne, kuma mai yin sa itace yake ƙara wa wutar da yake son kashewa.

Bayan waccan salla, wadda na yi ta da tsohuwar riga, na koma shagon da hantsi, babu kowa. Na sauko da ledar da kaina, na kwance ƙullin, na shimfiɗa shaddar a tebur. Na ce, "Yanka ta ina zaune. In ta ɓaci tawa ce, na yafe." Ya dube ni, ya yi bisimilla, ya ja alli, ya sa almakashi. Ko shayin da ya aika a sayo mini bai iso ba ya gama yankan.

Ina fita na ga ba ni da sauran bakin yi wa kowa wa'azi. Na ce da kaina, Juma'a ana sakkowa daga masallaci, kafin in shiga gida, zan je wa aminin mahaifina ta'aziyyar nan. Na kuma gaya wa ƙanena ya jira ni da babur a ƙofar masallacin, don kada in samu hanyar zillewa. Wata bakwai ke nan da rasuwar. Muka tarar da dattijon a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa, jawabin ban haƙurin da na tsara a hanya ya tsere mini, na ce, "Baba, ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin, ɗan nan. Haƙuri sai ma'abocinsa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ran nan na hango ka a layin 'yan hatsi, na ce yaron nan kunya ce ke ɗawainiya da shi. Matso kan tabarma, ƙasa da sanyi."